Ranar da Nazeer Ya Buɗe Bonet a Ƙofar Gidanmu

Sallama gare ku masu karatu. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa wai na cika tona asirin mutane ina rufe nawa. To yau nawa zan tona, sai ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Lauratu, gidanmu yana Goron Dutse, a wani lungu da in ka tsaya ƙofar gida kana hango dutsen. Physics nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata. An haife ni shekarar da soja suka koma bariki, sai ku yi lissafin da kanku, don ni na gaji da jin sa a bakin Gwaggona. Mahaifina Malam Isyaku bakanike ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a gareji kafin ciwon baya ya dawo da shi kan benci a ƙofar gida. Tun ina 'yar shekara bakwai nake kai masa abincin rana in ƙi dawowa. Kafin in gama firamare ina bambance sifana goma da sha biyu ba tare da na duba lamba ba, kafin in gama sakandare kuwa, in mota ta wuce ta layinmu, daga kukanta nake gane abin da ke damunta.

Wannan ilimin ne ya kore mini saurayina Gali. Shekara biyu yana zuwa wurina. Wata rana ya zo da abokinsa yana cika baki wai ya sa an yi wa motarsa aiki na musamman, ni kuma bakina bai shawarce ni ba na ce ai fulogi ɗaya ba ya ci. Abokin ya yi dariya har da dukan cinya. Bayan wata uku katin bikin Gali ya iso ni ta hannun wata ƙawata.

Tun daga ranar Gwaggo Asibi, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta kafa mini doka. Ta ce in dai namiji ya zo wurina, ko motarsa wuta ta kama a gabana, in ce sannu in kawo ruwa, ruwan ma na sha. Ta ce babu namijin da ke son matar da ta fi shi sanin abin da yake taƙama da shi. Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma na ga ta kwashe tsohuwar jakar kayan aikin Baba daga ɗakina ta tura ƙarƙashin gadonta.

Sai ga Nazeer. Ɗan Mandawari ne, aikin kwamfuta yake a wani ofis, a bikin ƙawata Husaina muka haɗu. Mutum ne mai sanyin hali, mai tsabta, hannunsa ya fi nawa laushi, ba ƙari na yi ba. Yana da Corolla ruwan toka da yake ji da ita kamar 'yar fari. Wata shida muna tare ina bin dokar Gwaggo sau da ƙafa. Har akwai ranar da ya ɓata minti ashirin yana mini bayanin amfanin lagireto mai sanyaya injin, ina gyaɗa kai ina cewa ikon Allah.

Matsalar ta faro ranar da ya fara gaida Baba. Bayan sun gaisa Baba ya ce ya ji wani ɗan sauti lokacin da yake fakin, ya buɗe masa bonet ya gani. Nazeer ya shiga mota ya ja wani abu, but ya buɗe. Ya sake ja, murfin tanki ya buɗe. Baba bai yi dariya ba, ya miƙa hannu ta taga ya ja abin da kansa, ya duba, ya rufe, ya sa masa albarka. Amma abin ya zauna wa Nazeer a rai. Duk hirar da za mu yi sai ya kewayo ya tambaye ni ko Baba ya ce wani abu a kansa.

Ranar wata Alhamis ina cikin duba takardun 'yan aji biyu saƙonsa ya shigo.

"Malama, ranar Asabar ki ce wa Baba ya fito da benci da wuri. Akwai kallo."

Na tambaye shi kallon me. Sai ga hoto: kwali a buɗe, wani bututun ƙarfe mai lanƙwasa yana sheƙi, da jar matata mai siffar mazurari, da robobi da kilif-kilif a leda.

"Cold air intake ke nan. Za a cire akwatin iyakilina mai tace iska a sa wannan, iska mai sanyi ta riƙa shiga injin, ƙarfi ya ƙaru, kuka ya yi daɗi. Da hannuna zan ɗaura. Sau tara na kalli bidiyon."

Na rubuta: "Damina fa ake, a ina za ka zaunar da matatar?" Na kalli rubutun na goge. Na sake rubuta: "Ka lura da sensa." Na goge. A ƙarshe na tura masa ma sha Allah da hoton fure.

Ranar Asabar tun azahar Gwaggo ta tasa ni gaba. Ta zaɓar mini atamfa koriya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan ƙwai. Ta turara ni har sai da na yi tari. Lallen da aka yi mini ranar Laraba ya kama ja-wur, ta riƙe hannuna tana juyawa tana cewa hannun mace ke nan. Umma ta haɗa zoɓo da abarba da citta ta sa a firji, ta soya cincin.

Ana idar da la'asar Nazeer ya iso. Jama'a, da kun gan shi. Ya sayo sabuwar rigar aiki shuɗiya irin ta kanikawa, ninkin shago bai ma sake ta ba, ya ɗora a kan yadinsa mai ruwan madara, ga farar safar hannu, ga hula zanna a kai. Akwatin kayan aikinsa ma sabo ne fil, a gaban Baba ya ɓare ledar. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yau yana so ya yi ɗan aiki a gaban malamai ko za a gyara masa kuskure. Baba ya ce bismillah, ya gyara zama, ya ɗauko goronsa. Ni da Gwaggo muna zaure, inda 'yar tagar nan take kallon waje.

Gaskiya ɗaya ce, farkon aikin ya burge ni. Karo ɗaya ya buɗe bonet, har ya waiwayo ya kalli Baba. Ya jingina waya a jikin gilashi ya kunna bidiyo. Ya fara cire kan batir, abin da kanikawa da yawa ba sa damuwa da shi. Ya zare soket ɗin sensa a hankali, ya sassauta kilif, ya kwance notika uku, ya ciro baƙin akwatin iyakilina ya ajiye a bakin zaurenmu kamar wanda ya ciro haƙorin da ya dame shi. Na ga Baba ya gyaɗa kai. Zuciyata ta yi fari, na ce a raina wataƙila ma yau ba sai na ciji harshe ba.

Sai aka zo kan sensa. Ga waɗanda ba su sani ba, wani ɗan abu ne kamar yatsa da ake sokawa a jikin bututun, shi ke gaya wa motar yawan iskar da ta shigo don ta san man da za ta bayar. Yana da gaba yana da baya, akwai 'yar kibiya a jikinsa. Ina kallo Nazeer ya ciro shi daga tsohon akwati, ya hure shi, ya juya shi, ya ɗaura a sabon bututu kibiyar tana kallon titi maimakon injin. Na dafe ƙirji. Gwaggo ta tambaye ni lafiya, na ce sauro ne.

Bai tsaya nan ba. Akwai wata siririyar roba da ke fitowa daga saman injin ta shiga bututun iska, ya bar ta tana reto, ramin da za ta shiga kuma a buɗe. Sannan ya kwanta a ƙasa, sabuwar riga da komai, ya cusa jar matatar can ƙasa bayan bamba, kusa da taya, inda bai fi taƙi biyu daga ƙasa ba. Ya miƙe yana kakkaɓe jiki, ya mayar da kan batir, ya ce wa Baba a saurara.

Motar ta tashi da wani gurnani mai daɗi, na ga haƙoransa duka. Daƙiƙa uku ta yi, ta yi tari, ta girgiza, ta mutu. Ya sake tayarwa ya taka totur, ta yi kuka, yana ɗaga ƙafa ta sake mutuwa. Wata 'yar fitila ruwan lemo ta kama a dashbod ta zauna daram.

Ya fito yana murmushin da bai kai ciki ba, ya ce wa Baba ai haka take yi kafin ta saba. Baba ya ce to. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Malam Haruna mai shagon kusa da mu ya fito ya tsaya, hannu a baya, ya ce ko mai ne ya ƙare. Wani mai babur ya ce batir ne. Nazeer ya mayar da bidiyon baya ya fi sau biyar, ya ƙara ɗaure abin da yake a ɗaure, ya taɓa abin da bai shafi kowa ba. Farar safar ta koma baƙa, gumi ya jiƙa hular.

Na faki idon Gwaggo na zaro waya.

"Na taɓa ji an ce ɗan abin nan mai waya yana da kibiya a jiki. Ko za ka duba?"

Ina hango shi saƙon ya faɗo a kan bidiyonsa. Ya cire safa, ya karanta, ya yi ɗan murmushi, ya amsa.

"Kar ki damu gimbiya, abin maza ne. Ke dai ki yi addu'a kawai."

Wallahi sai da na karanta sau biyu. Na ajiye wayar na yi addu'ar kamar yadda ya ce, amma ta neman haƙuri na yi wa kaina.

Wajen biyar da rabi gabas ta fara haɗa hadari, iska ta taso tana kwasar ledoji. Wayarsa ta yi ƙara. Daga yadda ya rusuna yana magana na san Hajiya Baraka ce, mahaifiyarsa. Ashe tana wurin walima a Ƙofar Nassarawa, shi ya kai ta da safe da alkawarin zai ɗauko ta kafin magariba, ga ta da ciwon gwiwa ba ta iya hawa adaidaita sai da dabara. Na ji yana cewa ga shi nan tafe, minti goma.

Yana kashe wayar ya zo ya tsuguna gaban Baba, murya ƙasa-ƙasa, ya ce a taimaka a duba masa. Baba ya tauna goro ya ce shi ai a zamanin kafireta ya tsaya, waɗannan motocin masu sensa ba ya gane musu, ga ido ya yi rauni. Ni na san ba haka ba ne, don shi ya koya mini karanta kibiyar nan da bakinsa. Kuma yana faɗar haka tagar zaure yake kallo.

Gwaggo ta damƙe gefen mayafina.

"Lauratu, ki tuna Gali."

"Na tuna shi, Gwaggo. Amma uwar mutum tana can tana jira, ga hadari."

"Ya kira bakanike mana."

"Kafin bakanike ya zo an yi isha."

Ta ce in na fita babu ruwanta. Na zare mayafin a hankali daga hannunta, na yafa shi na ɗaure ta baya yadda ba zai shiga injin ba, na ɗauki tiren zoɓo don in samu abin fakewa, na fita. Na ajiye tiren a kan benci, na ce wa Nazeer ya sha ya huce, sannan na ce ya ara mini sukundireba da sifana goma.

Ya ɗauka wasa nake, har ya fara dariya. Da ya ga na miƙa hannu ban janye ba sai ya ɗora mini.

Na cire kan batir. Na kwance sukurori biyu na sensa, na juyo shi na nuna masa kibiyar, na mayar da shi daidai na danna soket har ya yi ƙas. Na kamo siririyar robar nan na cusa a raminta na ɗaure. Kilif ɗin da ke bakin injin a karkace yake, iska na shiga ta gefe, na sassauta na daidaita na matse. Na mayar da batir na ce ya tayar.

Ta tashi, ta yi silo, tana kuka a hankali lafiya lau kamar mage a cinya, fitilar ba ta dawo ba. Malam Haruna ya ce ai 'yar gida ce, ya koma shagonsa. Baba bai ɗago ba, amma na ga gemunsa yana motsi.

Da na tsaya a nan da wataƙila da sauƙi. Amma bakin nan nawa da ya riga ya buɗe sai ya ƙarasa. Na ce masa matatar ta yi ƙasa da yawa, in ya shiga ruwan da ya kai rabin taya za ta zuƙe shi ta kai injin, in kuwa ruwa ya shiga injin sai dai a sauke shi. Na ce ya bi hanyar tudu, in ya ga kwatami ya tsaya, kuma a mayar da tsohon akwatin har damina ta wuce, don ƙarfin da abin ke ƙarawa bai kai hatsarinsa ba.

Ya tsaya yana kallon hannuna, jan lalle da baƙin mai sun haɗu. Ya ce, "Na gode, Malama." Ba irin Malamar da yake faɗa da tsokana ba, irin wadda iyayen yara ke faɗa ranar karɓar sakamako. Ya yi wa Baba sallama ya ja mota. Zoɓon ko kurɓa bai yi ba, akwatin iyakilinar ma a bakin zaure ya manta shi. Bai kai titi ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Lahadi shiru. Litinin shiru. Ina ganin sa a waya, ya hau onlayin ya sauka. Na rubuta "Ka yi haƙuri" na goge, don ban san haƙurin me zan ba shi ba. Na rubuta "Ya Hajiya ta isa gida?" shi ma na goge. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai duk wucewar da za ta yi ta zaure ta kalli baƙin akwatin nan ta yi ajiyar zuciya, ta ce ko wannan ba zai dawo ɗauka ba. Umma ce kawai ta same ni a kicin ina goge farce da lemon tsami, ta ce in ci abinci, abin da na yi ba abin kunya ba ne. Na ce na sani, sannan na yi kukana a kan tukunyar miya. A aji ranar Litinin sau biyu ina rubuta lissafi ɗaya a allo, sai da 'yan mata suka tuna mini.

Talata bayan la'asar ina ninke kaya Baba ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Na zura hijabi a kan rigar gida na fito. Nazeer ne a zaure, a tsaye, babu kukan mota a waje sai adaidaita da ke fake a gefen shago. Muka gaisa kamar baƙi. Ya ce ya zo ɗaukar akwatinsa. Na nuna masa da hannu na ce ga shi nan.

Bai ɗauka ba. Ya zauna a kan dakali ya ce ranar Asabar da ya ɗauko Hajiya, sun zo shiga Mandawari ya tarar ruwa ya cika hanya. Motoci suna ta kutsawa suna wucewa, na baya suna masa hon, shi kuma ya gangara gefe ya kashe mota. Minti arba'in suka yi a zaune har ruwan ya janye, Hajiya tana tambayarsa ko tsoron ruwa ya fara da girmansa. Dole ya ba ta labari tun daga kan kibiya. Ya ce tun ranar bai sake tayar da motar ba.

Na tambaye shi to shirun na mene ne.

"Kunya, Lauratu. Duk lokacin da na ɗauki waya sai in ga saƙon da na ce ki yi addu'a kawai." Ya rufe fuska da hula. "Ranar da na yi miki bayanin lagireto, me kike cewa a ranki?"

"Ka yi ƙoƙari. Rabi daidai ne."

Ya yi dariya, amma ta tsaya da wuri. Ya ce abin da ya fi ci masa rai ba gyaran ba ne, wata shida da na yi ina gyaɗa masa kai ne. Ya ce ya zauna yana tunanin ko wace ce yake zuwa zance wurinta, in har abin da na fi ƙwarewa a kai na iya ɓoye shi haka. Nan na ba shi labarin Gali da dokar Gwaggo, ban rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ba ya son a riƙa lallaɓa shi don kar ya ji ciwo, in ya yi shirme a gaya masa, amma don Allah ba a gaban Malam Haruna ba. Na ce na yarda, in dai shi ma zai riƙa karanta saƙo kafin ya amsa.

Sai ya ce akwatin da bakaniken, wato ni, duka ya zo nema, kuma ba shi kaɗai ya zo ba. Kafin in gane nufinsa na ji sallamar mace daga ƙofa. Hajiya Baraka ce, ta dogara sanda, leshi ruwan hoda da babban mayafi, ashe ita ce zaune a adaidaitar tun ɗazu, da ciwon gwiwar da komai. Ni kuma ga ni da hijabin salla da silifas ɗin banɗaki. Na zube na gaishe ta.

Ta kalle ni tun daga sama har ƙasa, ta ce in miƙo hannu. Ta juya shi ta ga sauran baƙin da ya maƙale a gefen farce.

"Ke ce kika zaunar da ni minti arba'in a mota ina jin yunwa?"

"Ni ce, Hajiya. A yi haƙuri."

"Uban yaron nan injin biyu ya kashe a ruwan Mandawari, babu wanda ya isa ya gaya masa ya tsaya." Ta saki hannuna ta dafa kafaɗata ta hau dakalin shiga gida. "Ina da janareto da ya gagari mutum uku, amma wannan sai wani zuwan. Kai ni wurin mahaifiyarki tukuna, da magana na zo."

Muna shiga tsakar gida muka yi kiciɓis da Gwaggo Asibi, wadda na tabbata tun farko tana bayan ƙyaure. Ta shimfiɗa darduma da sauri, ta karɓi sandar Hajiya, aka gaisa. Hajiya ta ce ai sun yi sa'ar yarinya mai hannu, Allah ya yi mata albarka. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali, ko kallona ba ta yi ba, ta ce:

"Ai Hajiya ni na raine ta. Kullum ina gaya mata, ilimin da Allah ya ba ki kar ki kuskura ki ɓoye shi."